Hoton Baba Kaleb

Akwai wani mai ɗaukar hoto a Kafanchan da ake kira Silvanus. Ya iya aiki, wannan kam babu musu, sai dai ba a gaya masa magana. Tun zamanin kamara mai fim yake sana'ar, don haka ya ɗauki duba hoto a bayan kamara a matsayin abin kunya. "Ɗan koyo ne ke ɗauka yana leƙawa," in ji shi.

Wata rana ya sayo sabuwar kamara da manyan fitilu biyu a wajen abokinsa Nicholas. Fitilun ba su da wayar da ke haɗa su da kamara. Kowacce tana da ɗan ido mai jiran haske, da zarar ta ga walƙiyar kamara sai ita ma ta tashi.

"Oga Silva, ka gwada kafin ka sa mutum a gaba," in ji Nicholas. "Wannan kamara sau biyu take ƙyaftawa. Na farko awon haske ne kawai, na biyu shi ne hoto. Akwai maɓalli a bayan fitilan, bari in nuna maka."

Silvanus ya yi dariya. "Kai Niko, lokacin da na fara hoto kana yawo ba wando. Ɗaura mini kaya a mashin."

Washegari da hantsi wata dattijuwa mai suna Afiniki ta shigo shagon riƙe da mijinta, Baba Kaleb, manomin citta daga Kwoi. Ciwo ya cinye shi, kuma asibitin Jos za su wuce. Gobara ta taɓa cinye musu ɗaki da hotunansu duka, tsohon kuwa ya ƙi shiga mota sai an ɗauke shi hoto.

"Ɗana, ka ɗauke ni da kyau," in ji Baba, yana gyara kwat ɗinsa na zuwa coci da ya yi masa yawa. "Jikokina na Legas ba su san fuskana ba."

"Fuskan da ko aski bai gani ba?" in ji Afiniki, tana share masa goshi da bakin zane.

"Haka kika gan shi kika bi ni."

Silvanus ya danna. Fitilu suka haske ɗakin fau, har Baba ya runtse ido yana dariya. Ya sake dannawa, ya rataye kamara.

"Ya yi? Mu gani mana," in ji Afiniki.

"Mama, ba ki ga wuta ba? Ku tafi kawai, kada mota ta bar ku."

Sai da ya gama wasu ayyukan biki, bayan kwanaki, sannan ya buɗe hotunan a kwamfuta. Duhu ne. Fitilun sun tashi tun a ƙyaftawar farko, kafin su sake tara wuta kamara ta riga ta buɗe ta rufe. Ido bai isa ya raba tsakanin hasken biyu ba, amma hoto ya raba. Ya ƙara haske, ya ja nan ya ja can, bai samu komai ba sai farin maɓallin riga da inuwar kafaɗa. Ya ce a ransa idan an sallamo tsohon zai bi shi har Kwoi ya sake ɗauka.

Ranar Laraba Afiniki ta dawo ita kaɗai, da baƙin ɗankwali.

"Baba ya tafi gida wurin Ubangiji," ta ce. "Asabar ne jana'iza. Fasto ya ce in kawo hoton a sa a gaban akwati, yara kuma za su buga a riga."

Silvanus ya juya mata kwamfutar. Ta matso, ta daɗe tana kallo, ta sa yatsa a kan gilashin.

"Ina fuskansa?"

"Mama, fitila ce ta riga kamara..."

"Ai na ce ka nuna mini."

Ba ta zage shi ba, ba ta ɗaga murya ba. Ta ce ya wanke mata shi haka nan. Ya wanke. Ta naɗe baƙar takardar a cikin zane, ta fita neman motar Kwoi.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, daɗewa a sana'a ba ya hana mutum tsayawa ya saurara. Sabon abu yana zuwa da halinsa, kuma wanda ya san halin ba ƙasƙantar da kai yake yi ba idan ya nuna maka. Ka duba aikinka tun mai shi yana gabanka, domin akwai mutumin da ba zai sake zama a kujerarka ba.