Kafaɗar Jatau Mai Fito

An yi wani mutum a wani gari na bakin kogi, tun ba a san gada ba, sunansa Jatau. Bawan Allah ne mai fito, da gora yake tura jirginsa ya haye da mutane.

To, ku saurara. Wata safiya ciwo ya kama shi a kafaɗar dama, kamar an soka masa jan ƙarfe. Bai faɗi ba, bai buge ba. Sati uku yana nishi. Da zafin ya lafa, sai hannun ya ƙi ɗaguwa. Naman kafaɗar ya zube, ƙashi ya fito, har riga tana zamewa.

Ƙanensa Barmo ya ce, "Yaya, jifa ne. Gagare mai ɗaya jirgin ne, so yake mashigar ta zama tasa shi kaɗai. Bari mu kore shi daga garin nan."

Jatau ya ce, "Ka gan shi ya yi?"

"A'a."

"Ni ma ban gani ba. Ciwon nan ya ishe ni, ba zan ƙara da alhakin wani ba."

Kun ji ko? Sai ma ya ba Gagare aron jirginsa, don ya fi na Gagaren girma, kada 'yan kasuwa su rasa fito.

Wani tsohon maɗori ya duba shi ya ce, "Ba karaya ba ce, jijiya ce. Tana dawowa, amma a hankali. Kada ka bar hannun ya kwanta."

Kullum matarsa Tasalla tana gasa masa da ruwan ɗumi, shi kuma ya dafa bango, yana jan yatsu sama, yana gumi. Damina ta zo ta wuce. Wata daminar ta zo ta wuce. A ta uku, ran Juma'a, liman ya yi kabbara, sai ga hannun Jatau ya kai kunne! Hawaye ya zubo masa a sahu.

Bayan wata biyu ya kama gora, ya haye da cikakken jirgi. Mata suna guɗa, Gagare kuwa ya fi kowa ihun murna.

Jama'a, haƙuri ba naɗe hannu ba ne. Idan ciwo ya same ka, nemi magani, ka dage, ko zai kai shekaru. Kuma kada zafi ya sa ka ɗora wa maƙwabcinka abin da idonka bai gani ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya.