Sunan da Inna Adama Ta Ƙi Kira

Akwai wata marubuciyar littattafan labari, Jacinta, 'yar malaman makarantar mishan a Kagoro. Uwa da uba duk suna aji, don haka tun tana wata uku aka miƙa ta ga Adama, wata matashiyar Bafulatana da mijinta ya rasu ba su haihu ba.

A bayan Adama ta yi wayo. A bakinta ta fara jin tatsuniya, suna zaune a gindin mangwaro ana tsaga citta. Adama ce ta koya mata gaisuwa da zaman ladabi. Kai, an sha daɗi a lokacin nan!

Sai dai abu ɗaya ya tsaya wa Jacinta a rai shekara arba'in: Adama ba ta taɓa kiran sunanta ba. Ƙannen Jacinta kam, "Gershon! Irene!" har maƙwabta na ji. Ita kuwa sai dai "Ke."

Littafi shida ta buga, kowanne ta kai wa Inna Adama har Samaru Kataf, inda Innar ta sake aure. Inna sai ta kau da kai, ko sannu babu. Abin yana cin Jacinta. Ta ɗauka reno ne na aiki kawai, babu so a ciki.

Bara aka kira ta cewa jikin Inna ya yi tsanani. Ta bar komai ta taho.

Ta zauna bakin tabarma ta ce, "Inna, ki yafe mini, yau sai na tambaya. Me na yi miki da ba kya kiran sunana?"

Tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska.

Mahadi, babban ɗan Inna, ya girgiza kai. "Haba Anti, ke da kike rubuta littafi! Bafulatana tana kiran sunan ɗan fari? Ni ta fara haifa, amma sunana gatsal take kira. Dangin babana har faɗa suka yi mata. Ta ce ita ta riga ta yi 'yar fari a Kagoro."

Jacinta ta fashe da kuka. Hannu ya fito daga ƙarƙashin mayafi ya riƙe nata gam.

Bayan kwana uku Inna ta rasu, ba ta kira sunan ba.

Darasi: Ba kowace ƙauna ce ke fitowa ta baki ba. Kafin ka ce wani ba ya son ka, san al'adarsa, ka kuma tambaya tun yana da rai. Ku tura wa duk wanda aka goya.