Arzika da Tsinken Cikin Inji

An yi wani mutum, bawan Allah, a wani gari na bakin kogi, tun zamanin da injin jirgin ruwa ya fara shigowa ana jingine filafilin tuƙi da hannu. Sunansa Arzika. Ba malami ba ne, ba mai hali ba ne. Gyaran inji yake yi a gindin wata giginya a bakin kwata, inda jirage ke tsayawa, da shi yake ci da iyalinsa.

Maganarsa kullum ita ce dai: a gauraya baƙin mai da fetur daidai, a goge fulogi, a warware zaren komar masunta daga farfela. In an tayar da inji kuma, a duba ɗan ramin nan na bayan inji, a ga ko yana tsarto ruwa. In ruwa na fita, inji na shan sanyi. In babu, ƙonewa yake ta ciki. Har masu jirage suka gaji, da sun hango shi sai su ce ga Malam Duba-ruwa nan.

To ku saurara. Ran kasuwar tsallake, wani mai jirgi, Cindo, ya cika jirginsa maƙil, mutum wajen arba'in, da awaki, da buhuna. Inji ya ƙi tashi. Ya kira Arzika ya goge masa fulogi kawai, sauri yake. Arzika ya goge, ya ja igiya, inji ya kama. Ya leƙa baya. Ba ruwa. Ya sa farce, sai ga tsinke an cusa a ramin.

Tsinke fa, jama'a! Wai ruwan yana jiƙa wa Gwaggo Delu, wata mai sayar da gishiri da ke bin jirginsa, buhun gishiri, kullum tana mita, shi ne Cindo ya toshe ya huta. Wata guda yana tsallake kogi da rayukan mutane, bai san ko injin na shan ruwa ba.

Arzika ya zare tsinken. Ba ruwa. Ya share ciyawar da ta liƙe a ƙasa, ya zura waya. Ko ɗigo. Ya gane robar da ke tura ruwa ce yashi ya cinye, don Cindo da inji a kunne yake hawa gaɓa. Ya ce aikin awa ɗaya ne.

Cindo ya ja shi gefe, ya ce masa ya mayar da tsinken ya gaya wa mutane an gyara. In ba haka ba, shi da sauran masu jirage ba mai sake kawo masa ko ƙusa.

Gwaggo Delu ta ɗaga murya daga cikin jirgi: "Arzika, mu tafi ko mu sauka?"

Arzika ya dubi giginyarsa, ya dubi matan nan masu goyo. Ya san Cindo ba ya faɗa ya fasa.

"Gwaggo, ku sauka. Injin nan zai mutu a tsakiyar ruwa."

Kuna tsammanin godiya suka yi? Shi suka rufe da faɗa. Wannan ta ce baƙin ciki yake, wancan ya ce aiki yake ƙirƙira wa kansa. Gwaggo Delu, ita da gishirinta ya jawo komai, ta ce tun da take ba ta taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Arzika ya ɗauko kayan aikinsa. Ya kwance ƙafar injin, ya ciro robar, haƙora shida saura biyu. Ya nuna musu, suka ce shi dai ya yi sauri.

Ya sa sabuwa, ruwa ya tsarto, suka tsallaka lafiya. Da yake ba wanda ya nutse, ba wanda ya gode. Cindo kuwa ya cika alkawari. Kafin damina ta fita Arzika ya naɗe kayan aikinsa, ya koma ƙwadago a gonakin mutane. Ana tambayarsa sai ya ce alhamdu lillahi, bai binne kowa ba.

Darasin a fili yake, 'yan uwa. Gaskiya ba don a gode maka ake faɗinta ba, don Allah ake faɗi, ko da za ta ci abincinka. Mu kuma mu daina tsanar mai faɗa mana ita. Cikinku akwai wanda aka ce masa birkinsa ya mutu, ya sauya makanike. Akwai wadda aka ce mata ɗanta ya fara lalacewa, ta daina gaisawa da maƙwabciyar. Kun san kanku. Kafin a yi la'asar, ku je ku nemi gafarar mutanen nan. Allah Ya sa mu gyara.