Mai Ƙwai da Wayar Birki

Akwai wani bawan Allah da ake kira Mai Ƙwai, domin sana'arsa ke nan, ɗauko kiret-kiret na ƙwai a babur yana rarraba wa masu shaguna. Mutumin kirki ne, sai dai bai yarda da makanike ko ɗaya ba. A ganinsa duk wanda ya taɓa babur ɗinsa sai ya cire mai kyau ya sa masa tsoho.

Wata rana ya ce wa matarsa, "Zan je wajen Dogo makanike in koyi gyara."

Ta ce, "Kai da ka ce duk ɓarayi ne?"

Ya ce, "Shi ya sa. So nake in kama shi hannu dumu-dumu."

Dogo ya karɓe shi ba tare da wata tambaya ba. Kullum in ya gama rabon ƙwai sai ya zo rumfar ya tsuguna. Dogo ya nuna masa yadda ake kwance fulogi a goge shi, da juye baƙin mai, da ɗaure sarka kada ta yi sako-sako. Har ya koya masa abin yi idan birkin gaba ya ƙi ci: a saki mai, a rage giya ɗaya bayan ɗaya, a taka na baya a hankali.

Mai Ƙwai yana koyo, amma rabin hankalinsa na wani wuri. In Dogo ya jefa tsohon noti a gwangwani, sai Mai Ƙwai ya ce a ransa, wannan sayarwa zai yi. In Dogo ya yi magana ƙasa-ƙasa da mai sayar da kayan babur, sai Mai Ƙwai ya ce, ga shi nan, ana raba riba.

Rannan Dogo ya matsa birkin gaban babur ɗin Mai Ƙwai, ya ɓata fuska. Ya ce, "Ɗan'uwa, wayar nan ta fara cinyewa daga ciki. Canza ta yau. Ga wata a akwatina, ɗauka."

Mai Ƙwai ya duba wayarsa, bai ga komai ba. Ya yi murmushi, ya ce, "Bar ta, zan duba a gida." A zuciyarsa kuwa cewa ya yi, yau dubunka ta cika, ko daga babur ɗin wa ka ciro wannan?

A gida ya ƙara ɗaure notin birkin da kansa, yana dariya yana ba matarsa labarin yadda ya tsallake tarko.

Washegari da safe ya ɗora kiret a baya, ya zaunar da 'yarsa a gaba zai sauke ta makaranta. Suna gangarowa kan babban titi wata motar kaya ta shigo. Ya damƙe birki, sai ya ji ƙas, hannun birkin ya tafi fayau.

Yarinyar ta ƙwala ihu, "Baba!"

Ya saki mai, ya rage giya, ya taka na baya, ya karkata cikin tulin yashin wasu magina. Suka zube. Ƙwai ya fashe kaf, gwiwar yarinyar ta goge, amma ta miƙe da ƙafarta tana kuka.

Bayan ya mayar da ita gida an wanke ciwon, ya turo babur har rumfar Dogo, rigarsa duk gwaiduwa. Ya kasa haɗa ido da shi.

Dogo ya ce, "Yarinyar fa?"

Ya ce, "Da sauƙi. Maigida, ka yafe ni. Ba koyo ya kawo ni wajenka ba, zarginka nake yi."

Dogo ya ce, "Na sani tun ranar farko. Mai koyo hannuna yake kallo, kai kuwa aljihuna kake kallo."

"To me ya sa ba ka kore ni ba?"

"Saboda kullum ina ganinka da yarinyar nan a kan babur."

Ya miƙa masa sabuwar waya da sifana, ya ce, "Tsuguna. Da hannunka za ka sa ta, ni kallo zan yi."

Darasi: Yin hattara abu ne mai kyau, amma zargin da ba hujja yana toshe kunne har mutum ya ƙi gaskiyar da za ta cece shi. Kafin ka yanke wa wani hukunci, ka tabbatar. Ku tura wa 'yan'uwa, musamman masu hawa babur da iyalinsu.