Rijiyar Ƙarshe ta Malam Jibo

Ku gyara zama, kuma kada wanda ya katse ni sai na kai aya.

Inna Tasalla ta yi shekara arba'in da biyu tana auren Malam Jibo mai haƙar rijiya, ta ce ba ta taɓa ganin tafin hannunsa babu kanta ba. A duk yankin nan da wuya ka sha ruwa a ƙauye ba daga ramin da ya haƙa ba. Masu hali su sallame shi, marasa hali kuwa ya ce su dama masa fura kawai. Tukunya biyu ake ɗorawa a gidansa, ɗaya ta iyali, ɗaya ta duk wanda ya yi sallama. 'Ya'yansa maza biyu ne, Shekarau da Mati. Na ukunsu Ɗanbaba, maraya ne da ya ɗauko tun yana rarrafe, ya raine shi, ya yi masa aure, har mutane suka manta ba shi ya haife shi ba.

Yana da shekara saba'in ya ji matan Unguwar Kanya na tafiyar rabin yini neman ruwa. Inna Tasalla ta ce, "Malam, ka bar wa yaran mana, jikin nan ya yi aiki." Ya ce, "Tasalla, ƙasar can rairayi ce. Ba zan tura su inda ni nake tsoro ba."

Rijiya ta kai gaba goma sha biyu, ran nan da hantsi bango ya rufto a kansa. Inna Tasalla ta kawo abinci ke nan ta ga ƙura na tashi daga ramin, ta yar da ƙwarya ta kurma ihu.

Mutanen unguwa suka rugo da fartanyu za su yi cincirindo a bakin rami. Shekarau ya kore su da sanda, don nauyinsu zai ƙara zubo da ƙasa. Shi ya san al'adar ubansa: in haƙa ta yi nisa yakan fafe ɗan lungu a bangon gabas, ya raɓe a ciki idan ana jan guga. Sai Shekarau ya huda sandunan gora ya harhaɗa su suka zama ɗaya, ya zura ta wannan gefen a hankali har ta ratsa rairayin. Can sai aka ji tari ta cikin gorar. Ba don iskar nan ba, gawa za a tono.

Mati ya ɗaura igiya ya sauka. Ba halin sa ƙarfe kada a sari tsoho, sai ya yi ta yasar rairayi da ƙoƙo da yatsu, ƙasa na zubo masa a ƙeya, tun hantsi har la'asar. Farcensa shida suka fita. Ya kamo uban ta hammata ya ɗaure shi a jikinsa.

Ana cikin jawo su, gungumen da aka gitta a bakin rijiya ya karye, masu ja suka zube, igiya ta kuɓuce. Ɗanbaba ya faɗa kanta, ya naɗe ta a ƙugu, ya kafa dugadugai, ya riƙe nauyin mutum biyu shi kaɗai har jama'a suka miƙe suka kama. Igiyar ta ci namansa, har yau a karkace yake tafiya.

Da aka kwantar da tsohon a inuwa sai ya buɗe hannu, ga jiƙaƙƙen yumɓu a ciki. Ya ce, "Ruwa saura gaba guda, kada ku bari." Wallahi ranar nan manya sun yi kuka ba kunya.

Kwana uku ya ƙara a duniya. A na ukun ya ce wa matarsa, "Dagin da nake haƙa da shi, ki ba wanda ya fito da ni. Shi zai riƙe gidan nan da duk mai ci a cikinsa." Kafin ta ce wanne, ya yi kalmar shahada ya cika.

An yi sadakar arba'in, dagi na jingine a ɗakin Inna Tasalla. Ta ɗauka ta nufi ƙofa, ta dawo ta ajiye, don ta san duk wanda ta miƙa wa, biyu za su sunkuyar da kai.

To, ku da ba ku rasa bakin magana, wa za ta ba: wanda ya kai masa iska, wanda ya tono shi, ko wanda ya riƙe igiya?