Malam Tunau da Tsakiya Uku Masu Ɓacewa

Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan kunnen ƙashi.

Ta zo mu ji ta, Kaka.

To ku matso. Kai mai latse-latsen waya a ƙarƙashin riga, na gan ka, ajiye ta. Tatsuniyar ma da kai take.

Wani tsoho ne a wani gari, sunansa Malam Tunau. Gwanin dara ne, duk garin ba mai ja da shi. Sai abokan darar tasa suka yi ta raguwa, wasu suka riga mu gidan gaskiya, wasu ido ya ƙi. Sai ya zamana kullum ya tona gidajen dara a gindin darbejiya, ya zauna shi kaɗai kamar maye.

Ran nan sai ɗansa Sallau ya zo daga birni da tsarabar waya.

Ya ce, "Baba, ga darar da ba ta neman abokin wasa."

Sai ya buɗe masa wani wasa. Tsakiya ce, irin duwatsun adon nan, birjik a fuskar wayar, ja da kore da shuɗi da ruwan ɗorawa.

Ya ce, "Ja da yatsa, ka jera uku masu launi ɗaya."

Sai tsoho ya jera. Fat! Suka ɓace.

Ya ce, "Kai, ina suka tafi?"

Sallau ya ce, "Ɓacewa suke yi, Baba. Haka wasan yake."

Tsoho ya ce, "Ikon Allah! A dara in na jera uku, ɗan abokin wasa nake ci. A nan kuma nawa ne ke tafiya."

Sai Sallau ya koma birni, ya bar uba da waya. Wasa kuwa ya shiga ran tsoho. Ba ya kallon gabas, ba ya kallon yamma, kansa a sunkuye. Ya ji daɗi ƙwarai, don kaɗaici ya sake shi, ni ma ban ga laifinsa ba.

Wata safiya sai matarsa Tasalla ta ajiye curin fura uku farare a faifai.

Ta ce, "Malam, duba mini furar nan, zan karɓo nono."

Ya ce, "To." Bai ko ɗago ba.

Sai akuya ta zo, ta lamushe su ɗaya bayan ɗaya, ta lashe baki, ta wuce. Da ya ɗago, faifai wayam.

Ya ce, "Tasalla, guda nawa kika ajiye?"

Ta ce, "Uku."

"Duk farare? A jere?"

Ta ce, "To da baƙar fura ka taɓa gani?"

Sai ya riƙe haɓa.

Ba a daɗe ba sai Tasalla za ta je barkar haihuwa. Jajayen awakinta uku suna kwance a jere a inuwar rumbu.

Ta ce, "Malam, duba mini awakin nan, ƙyauren ba ya kama."

Ya ce, "To." Bai ko ɗago ba.

Sai awaki suka miƙe, suka ture ƙyaure, suka faɗa gonar waken maƙwabci. Tasalla na dawowa ta gan su, ta ba mai gona haƙuri. Haushi ya cika ta, sai ta kora su gidan ƙanwarta ta ɗaure, ta dawo gida ba ta ce uffan ba. Ta iske Malam tsaye a gindin rumbu yana salati.

Ya ce, "Uku ne, duk jajaye, a jere! Tasalla, abin cikin wayar nan ya fito waje!"

Ta guntse dariya, ta ce a ranta, bari ya ɗan ji a jikinsa.

Daga ranar nan gida ya shiga uku. In ya ga fararen kaji uku suna kiwo, sai ya wurga musu baƙa a tsakani. In ya ga ƙwarya uku a kife, sai ya cusa tukunya. Ko a masallaci, in ya ga masu farar riga uku a sahu, sai ya kutsa tsakiyarsu da shuɗiyar tasa. Amma fa bai daina wasan ba. Ku daina dariya, ku ma haka kuke.

Ana nan sai bikin ɗan ƙanensa ya zo, aka fitar da anko kore shar. Sallau ya zo da 'ya'yansa mata uku, Azumi da Lantana da 'yar autarsu Kyauta, wadda ba ta daɗe da fara tafiya ba. Ita ce tsoho ke kira amaryarsa, yana son ta kamar ransa. Aka yi musu wanka, aka sa musu anko, aka zaunar da su a tabarma ɗaya.

Malam Tunau na fitowa ya gan su. Uku, duk kore, a jere.

Ya ce wa uwarsu, "Don Allah canza wa ɗaya kaya."

Ta ce, "Haba Baba, anko ne fa."

Ya ce wa Sallau, "Raba su."

Ya ce, "Baba, hoto za a ɗauke su."

Ya ce wa Tasalla, "Ke ko ɗankwalinki ja ki yafa wa amaryata."

Ta ce, "Malam, kar ka ba mu kunya a gaban baƙi."

Sai ya ja turmi ya zauna a gabansu, ya ce, "To zan ga ta inda za ku ɓace." Ya zuba musu ido. Waya ta yi ƙara a aljihu, bai kula ba. Ta sake, bai kula ba. Ta yi ta uku, ya dafe aljihun ya ce, "Yau ko za ki fashe."

Sai kiɗa ya tashi, aka rangaɗa guɗa, kowa ya juya wajen amaryar bikin. Azumi da Lantana ma suka miƙa wuya. Sai wani ɗan tsako ya gifta. Sai Kyauta ta miƙe ta bi shi, taga-taga, ta bayan taro. Masu jan ruwan biki kuwa sun bar rijiya a buɗe, bakinta daidai da ƙasa.

Duk gidan nan ido biyu ne kawai ke kanta. Tsohon da ke tashi da ƙyar, ran nan ya zabura kamar saurayi. Ƙafarta ɗaya ta taka bakin rijiya, sai ya cafko ta ta bayan riga. Ya rungume ta, ya zauna daɓas a ƙasa, hawaye na zuba.

Kiɗa ya tsaya cak. Uwar ta zo a guje tana salati. Tasalla ta rufe rijiyar da hannunta, ta durƙusa kusa da Malam.

Ya ce, "Kin gani ko? Saura ƙiris ta ɓace."

Ta ce, "Malam, furar nan akuya ce ta cinye. Awakin kuma suna gidan ƙanwata, ni na ɗaure su. Duk ranar da aka yi ɓata, ina idonka yake?"

Ya ce, "A waya."

"Yau fa?"

Sai ya dubi Kyauta, tana wasa da gemunsa. Ya kira Azumi da Lantana, ya jera su ukun a kan cinyarsa, kore shar, ya ƙura musu ido. Ba wadda ta ɓace. Sai ya fashe da dariya har da tari, duk gida aka taya shi.

Bai yar da wayar ba fa. Yana wasansa bayan la'asar. Amma in aka ce masa duba mini abu kaza, sai ya kife wayar a tabarma tukuna, sannan ya ce to.

Ƙurunƙus kan ƙusu, wanda ya tsinci wutsiyar ya kawo mini. Abin da aka ba ka tsaro, da ido ake tsaronsa. Kai kuma mai waya, ina ƙanenka da aka ce ka riƙe?