Gadar Gwamna

Wani gwamna da wa'adinsa ya zo ƙarshe ya sa aka kira masa Ɗangoje makaɗi.

"Gobe za ka waƙe gadar da na gina wa garinku. In ka ƙi, a fasa kalangunka."

Gada kuwa a rediyo kaɗai aka gina ta! In ya waƙe ta, 'yan garinsu su jefe shi.

Ɗangoje ya durƙusa. "An gama, ranka ya daɗe! Sai dai mu a gidanmu, a kan aiki muke tsayawa mu waƙe shi. Makaɗi kuma ba ya shiga gaban ubangidansa. Kana gaba, ina biye, har tsakiyar gadar."

Gwamna ya yi jim. "Kogin ya kawo?"

"Maƙil, ranka ya daɗe."

"Ɗauki kalangunka ka ba ni wuri, ja'iri!"